Curin Lakar da Na Kai Aji Huɗu

Ranar wata Litinin cikin bazara, shekarar da nake aji huɗu na firamare, muka shiga aji bayan an tashi daga layin safe muka tarar kifayenmu sun ragu da ɗaya. Kawara shida muka bari ranar Juma'a, ƙananan kifayen nan masu sheƙi da ke yawo a gungu, ga ma adadinsu malaminmu, Malam Tukur, ya rubuta da alli a kusurwar allo. Sau uku muna ƙirgawa, biyar muke samu. Murfin akwatin gilashin yana nan yadda aka bar shi, da dutse a kansa. Aka ja bencina, aka leƙa bayan kabad, ko ta yi tsalle ta faɗo tururuwa sun janye ta, amma ko ƙaya ɗaya ba a gani ba. Sauran biyar ɗin kuwa sun taru a kusurwa ɗaya can sama, sun haɗa kai, ba sa motsi, ko dusar da aka barbaɗa musu ba su kula ba. Ban taɓa ganin kifi ya ƙi abinci ba sai ranar.

Ƙauyen yana bakin tafkin Kainji, ba nisa sosai da Wara. Mu baƙi ne a can. Daga Yelwa aka turo Baba, malamin asibiti ne, shi ke riƙe da ɗan ɗakin shan maganin garin, kuma saboda yawan yaran da yake gani suna fitsarin jini, ya kafa mini doka guda wadda ba ta da sassauci. An yarda in raka Inna mashaya wanki in tsaya a kan yashi, amma ranar da ya ji na taka fadama, ko da ruwa ko ba ruwa, zai kwance mini fata. Ya rataye bulala a bayan ƙofa inda zan riƙa ganinta. Saboda haka yayin da sa'o'ina ke iyo da kamun kifi da gwangwani da tsinkar 'ya'yan bado, ni ina tsakar gida ina tankaɗe, ina share gindin murhu, ina wasan carafke ni kaɗai da duwatsun da na goge suka yi sumul. Ni kaɗai ce mai takalmi ƙafa-ciki a ajinmu, kuma na ɗauki kaina da tsada fiye da yadda nake. Komai na littafi ina ganin nawa ne, komai na ruwa kuma ina yi masa kallon abin ƙauyawa, alhali a raina kishin su nake yi.

Malam Tukur ɗan birni ne, saurayi mai zafin nama, sabon fitowa daga kwalejin horon malamai, inda ya ga an ajiye kifaye masu rai a cikin akwatin gilashi abin ya shiga ransa. Ya sa aka yanko masa gilashi mai kauri a Yelwa, aka liƙe, aka kawo a jirgin ruwa an naɗe shi cikin tsohuwar katifa. Tsawonsa ya kai buɗin hannuwan babban mutum. Da aka girke shi a bayan aji aka cika shi da ruwan tafki, har dattawa suka zo kallo, wani tsoho ya girgiza kai ya ce shi dai bai taɓa ganin an yi wa kifi ɗaki da taga ba. Malam ya ce kowa ya kawo ƙananan kifaye, shi kuma ya zauna yana zaɓe da ido. Duk wanda ya yi masa kyau sai ya jefa. Ya sa ɗan tsage saboda zanensa da jan wutsiyarsa, ya sa talibambam saboda yana kumbura yara na dariya. Kwana biyu aka yi, tsagen ya yayyanka rabin abin da ke ciki, talibambam ya ciccije wutsiyoyin sauran, ruwan ya yi wari muka zubar da shi a gindin mangwaro.

A nan ne Kulu ta ɗaga hannu. Kulu 'yar masunci ce, siririya, ba ta da yawan magana, a gidansu ma ba Hausa ake yi ba, harshen Gungawa ne. Kullum rigarta tana ƙanshin hayaƙin banda, domin kafin ta zo makaranta sai ta taya innarta juya kifi a kan wuta. Benci ɗaya muke zama, ita ce ƙawata, tare muke cin ƙuli-ƙulina da soyayyen kifinta lokacin tara. Kuma ita ke zuwa ta ɗaya a jarrabawa, ni ta biyu, abin da ban taɓa yafe mata ba duk da ina sonta. Akwai wani labari da kowa ya sani a kanta. Tana jaririya jirgi ya kife da su a tsakiyar ruwa, mutane suka rasu, ita kuwa aka tsince ta bayan sa'o'i a kan ciyawar ruwa tana tsotsar yatsa, ko tari ba ta yi. Manya sukan ce ikon Allah. Ba wanda ya taɓa yi mata gori da shi, sai dai labarin yana nan a ajiye a bakin kowa.

Ta ce wa Malam ba da kyau ake zaɓar kifin da za su zauna wuri ɗaya ba, baki ake dubawa. Ta riƙa ɗago su ɗaya bayan ɗaya daga bokiti tana buɗe musu baki da farce. Mai faɗin baki da haƙora a mayar da shi tafki. Duk kifin da zai iya shiga bakin wani, to abincinsa ne, ko yau ko bayan wata ɗaya in ya girma. Kawara ba a sa ta ita kaɗai, sai biyar ko shida, in ba haka ba takaici zai kashe ta. Karfasa a sa ƙanana masu kai ɗaya, kada a haɗa maza biyu da suka fara baƙi a maƙogwaro, don ba za su bar juna su huta ba. Kurungu guda ɗaya ya isa, bakinsa a ƙasa yake, shi zai riƙa share abin da sauran suka zubar. Minjirya kuwa, mai wuta a jiki, ko kusa, ta ce wannan ko hannun mutum ba ta bari. A ƙasa kuma yashi za a shimfiɗa, wanda aka wanke sau uku, ban da laka. Malam yana ta rubutawa a littafinsa kamar shi ne ɗalibin. Da haka aka zuba kawara shida, karfasa huɗu, kurungu ɗaya, suka zauna lafiya har sati uku, ruwa garau. Aka ba Kulu mabuɗin aji don ta riƙa zuwa da wuri tana ba su dusa da gara.

Mabuɗin nan shi ya tsaya mini a rai. Ta rataye shi a wuya da zare, ina ganinsa duk lokacin da ta sunkuya rubutu. Hedimasta ya kira sunanta a layi, ni 'yar malamin asibiti ina tsaye ina tafi. Sai wata rana na ji Malam yana cewa abin da ya rage wa akwatin nan shi ne shuka, da za a sami bado ya yi ganye a sama da ya yi kyau. A satin nan an yi kamu mai yawa, Kulu ba ta zo makaranta ba kwana uku, tana gida wurin banda. Ranar Laraba bayan an tashi, na ce wa Inna zan je karɓo littafi, na zari guntuwar fartanyarta na ɓoye a zane, na nufi fadamar da ke bayan gonakin shinkafa. Ta bushe ƙayau, ta tsattsage, rana tana tsaka, ba kowa sai ni da wani balbela guda da ya tsaya yana kallona. Na sami inda busassun ganyen bado suka manne da ƙasa, na haƙa har hannuna ya nutse zuwa gwiwa, na ɓanɓaro curi guda mai girman ƙwaryar fura da saiwar a jikinsa. A samansa akwai wani ɗan rami da yatsa zai shiga, na ɗauka gidan gyare ne. Na ɓoye curin a bayan makaranta, na wanke ƙafafuna sau biyu kafin in shiga gida.

Washegari Malam ya yi murna ƙwarai. Da hannunsa ya saukar da curin a kusurwar akwatin, ya jera duwatsu da fasasshen kasko a kewaye don kada ya watse. Ruwan ya gurɓace kwana biyu sannan ya kwanta, ko da yake bai ƙara yin garau irin na da ba. Kafin sati ya zagayo badon ya tsiro, ganyensa ya hau sama ya rufe kusurwar, aka kira sunana a layi ni ma. Da Kulu ta dawo, ta daɗe tana kallon lakar. A hanyar gida ta tambaye ni inda na samo ta, na ce a mashaya, wurin da muke wanki. Ta dube ni, ta dubi hanya, muka ci gaba da tafiya. Kwana goma sha ɗaya bayan na kawo lakar ne muka ƙirga kawara muka sami biyar.

Daga nan abin ya ɗore. Bayan kwana uku suka zama huɗu, Malam ya goge lambar a kusurwar allo ya sake rubutawa. Wata safiya muka tarar da ƙaramar karfasa tana iyo a karkace, rabin wutsiyarta babu, yankan kuwa sumul, kafin tara ta mutu. Kifayen suka daina sauka ƙasa gaba ɗaya. Ko kurungun, wanda da ba ya barin yashi, ya koma can sama ya juye ciki sama yana shawagi kamar gawa, idonsa a buɗe. Sannan ga ƙarar. Bayan tara, lokacin da zafi ya sauko, kwanon rufi yana ƙas-ƙas, kowa ya sunkuya yana lissafi, sai mu ji daga bayan aji wani abu ya ja numfashi. Sau ɗaya tak, irin na tsohon da ya sauke kaya. Duk mu waiwaya a tare, ba abin da za mu gani sai ganyen bado ɗaya yana komawa wurinsa a hankali, da 'yan kumfa biyu a gefensa. Masu zama a bencin baya suka fara matsowa gaba. Ni kaina nakan ƙura wa littafi ido ina karanta abin da na sani na addu'a.

Ranar da kawara suka koma biyu, Kulu ta miƙe tsaye a tsakiyar darasi, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, akwai babban kihi cikin lakag ga," in ji ta. "Shi ka cin su. A juye ruwan a gani."

Malam ya nuna allo, ya ce duk kifin da ke cikin akwatin nan da hannunsa ya sa shi, ya ƙirga ya rubuta, ta ina babban kifi zai shiga, ko ta taga? Aka yi dariya. Kulu ba ta zauna ba. Ta yi bayani a hankali cewa akwai kifin da ake kira gaiwa, idan fadama ta fara bushewa takan nutse cikin laka ta naɗe jikinta ta yi barci har ruwa ya dawo, ta bar ɗan rami a sama da take shaƙar iska. In an jiƙa lakar sai ta farka, kuma da yunwa take farkawa. Ta ce in dai busasshiyar ƙasar fadama ce aka kawo, to ita ce, amma in ɗanyar laka ce ta bakin ruwa, to ita ba ta san ko mene ne ba. Tana faɗin ɗan rami na tuna wanda na ɗauka gidan gyare ne. Na gane sarai abin da na ɗauko a kaina na kawo aji.

Malam ya juyo gare ni. "Luba, ina kinka ɗebo ta?"

Bulalar bayan ƙofa na tuna, da kuma sunana da aka kira a layi. Malam yakan zauna hira da Baba kusan kullum bayan la'asar, duk abin da na faɗa a aji kafin magariba ya isa gidanmu. Na miƙe na ce a mashaya na ɗebo, ɗanya sharaf, kuma da hannuna na cuɗa ta na dunƙule, ko tsakuwa babu a ciki balle kifi. Malam ya san a bushe na kawo ta, amma na ce a rana na shanya ta kwana biyu don ta yi ƙarfi, ya kuwa yarda, don 'yar malamin asibiti ba za ta yi ƙarya ba. Ya ce wa Kulu ta zauna, ba zai rushe aikin wata biyu saboda tatsuniyar masunta ba. Ta zauna kusa da ni, kafaɗarta tana taɓa tawa, ba ta kalle ni ba.

Tun da an ce ba kifi ba ne, sai aka nemi wani abu. Kowane yaro a garin ya tashi da sanin cewa a ƙarƙashin tafkin nan akwai tsofaffin garuruwa da ruwa ya cinye lokacin da aka tare kogi, da gidajensu da rijiyoyinsu da kaburburansu. Akwai masu rantsuwa cewa in rana ta take, ruwa ya kwanta, akan ji ana daka a can ƙasa. Wata yarinya mai suna Asabe ce ta fara cewa kakarta ta ce mutanen ƙasan ruwa ba sa son a tsare dabbobinsu, kuma sai da ɗan gari suke aiki. Ba ta ambaci suna ba, amma kowa ya tuna jaririyar da aka tsinta a kan ciyawa. Aka ce ai ba tsira ta yi ba, dawo da ita suka yi. Aka ce ita ke miƙa musu kifayen da safe kafin kowa ya zo. Ni ma na sa baki, kuma wannan ya fi ƙaryar farko ci mini rai. Da aka tambaye ni, a matsayina na ƙawarta, ko na taɓa ganin wani abu, na ce na taɓa ganinta ta manna goshi a gilashin tana magana ƙasa-ƙasa da harshensu. Gaskiya ne na gani. Haka take kiran su in za ta ba su abinci, kuma na san haka ne.

Malam bai yarda da zancen mutanen ruwa ba, amma don a kashe maganar ya karɓe mabuɗin daga wuyan Kulu ya sa a aljihunsa. Ya riƙa buɗe aji da kansa, yana rufewa da kansa. Washegari kawara ɗaya ta rage. Ni na zaci wannan zai wanke ta, ashe ƙara dagula abin zai yi, don sai aka ce ka gani, ko mabuɗi ba ta bukata. Aka daina shan ruwa da moɗar da ta sha. In ta shigo wasan gala-gala sai layin ya watse, kowa ta tuna wani abu da za ta yi. Wata uwa ta zo har wurin hedimasta ta ce a raba ɗiyarta da ajin. Inna ma, wadda ba ruwanta da irin wannan, ta ce in daina cin abin hannun yarinyar nan har a ga yadda hali zai yi. Na ce wa Malam ba na ganin allo sosai, ya mayar da ni benci na gaba. Kulu ta rage ita kaɗai a bencinta, wanda ya fi kowane kusa da akwatin, kuma duk lokacin da abin nan ya ja numfashi, ita ake juyowa a kalla. Kullum da safe nakan ce yau zan faɗa, in na ga fuskar Malam sai in fasa.

Wata Alhamis da hantsi wani dogon mutum ya tsaya a tagar ajinmu, hularsa ta kaba a hannu. Babanta ne. Da ma can da ƙyar ya bari aka sa ta makaranta, innarta ce ta dage. Bai yi sallama da Malam ba, bai ɗaga murya ba, ya kira sunanta sau ɗaya ya faɗi wata gajeriyar magana da harshensu. Kulu ta rufe littafinta, ta tattara littattafan makaranta ta jera a kan teburin Malam, ta ɗauki fensirinta kaɗai. Malam ya bi su har gindin mangwaro yana magana, mutumin ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce shi bai kawo ɗiyarsa a mayar da ita abin tsoro ba. Ta gabana ta wuce da za ta fita, na sunkuyar da kai ina goge abin da ban rubuta ba.

Tafiyarta ba ta tsayar da komai ba. Kawara ta ƙarshe ta ɓace, karfasa suka bi ɗaya-ɗaya, har ya rage kurungu kaɗai, shi ma don ƙayoyinsa ne, yana kwance ciki sama a saman ruwan da ya riga ya yi kore. Numfashin nan kuwa ya ƙara ƙarfi, har ajin da ke kusa da mu suna ji. Ranar da za a ba da hutu, Malam ya gaji ya ce a fitar da akwatin a wanke. Manyan 'yan aji shida suka ɗauke shi zuwa gindin mangwaro, muka yi da'ira daga nesa. Aka karkata shi ruwan ya tsiyaye, Malam ya sa sanda ya ture kaskon, ya tsokani lakar. Sai lakar ta motsa da kanta. Wani abu mai ruwan toka ya zamo ya faɗo kan ƙasa, tsawonsa ya kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsa, ya yi ƙiba, da wasu 'yan siraran zaruruwa huɗu a madadin hannu da ƙafa, da ƙananan idanu da ba sa ƙiftawa. Bai yi tsalle-tsalle irin na kifi ba. Ya ɗaga kai, ya buɗe baki, ya ja numfashin nan da muka sani, a fili, a gabanmu duka. Wasu suka ruga. Tsohuwar da ke sayar mana da ɗanwake ta leƙo ta ce ai gaiwa ce, wa ya haƙo muku ita daga fadama?

Malam Tukur ya dube ni. Ina jiran mari, ko ya ce mu je wurin Baba, da ma hakan ya yi da na ji sauƙi. Ya daɗe yana kallona, fuskarsa kamar shi ne ya yi ƙaryar, sannan ya ce kowa ya tafi gida. Bai taɓa faɗa wa Baba ba, kuma har ya bar garin bai ƙara kiran sunana in amsa tambaya ba. A ranar da aka zubo gaiwar ya ɗauki keke ya tafi unguwar masunta, ya tarar gidan su Kulu a buɗe, an kwashe tukwane. Sun bi kifi sun koma wata tungar masunta can wajen Shanga tun sati biyu da suka wuce. A zangon da ya biyo baya ni na zo ta ɗaya, Baba ya saya mini sabuwar jaka, na karɓa na gode.

Na yi shekara talatin da 'yan kai ban san inda take ba. Bara, ranar kasuwar Yauri, na tsaya sayen kifin banda, matar ta ɗago kai daga kwandonta ta ce, "Luba ce?" Ta yi baƙi, idanunta sun yi ja saboda hayaƙi, amma ita ce. Muka gaisa, muka tambayi iyaye, muka yi wa juna ta'aziyyar waɗanda suka rasu. Sai kawai na ji bakina ya buɗe a tsakiyar kasuwa, ina riƙe da leda, na faɗa mata komai, fadamar da ɗan ramin da gaiwar da aka zubo a gindin mangwaro. Ta ci gaba da naɗe kifin cikin takarda har na gama.

"Ai na sani," in ji ta. "Bado ba shi hita mashaya, yashi na zalla wurin. Tun rad da kinka hwaɗi na san hwadama kinka tahi."

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa a gaban Malam, kalma ɗaya ce da ta wanke ta.

"Da kin sha kashi wurin Babanki," ta ce. "Nic ce bari dai, ƙawata ce, gobe ta hwaɗi da bakinta."

Ta ƙara mini kifi biyu gyara, ta ƙi jin maganata. Sannan ta ciro waya daga lalitarta ta miƙo mini, ta ce in sa mata lambata da kaina, don bokon nan ya daɗe da barinta, sai ɗiyarta ta dawo take karanta mata saƙo.

Yanzu akwai akwatin kifi a falona, 'yata ce ta dage aka sayo, da fitilarsa da injin da ke tace ruwa. Mai shagon ya rubuta mana waɗanda za su zauna tare da waɗanda ba za su zauna ba, in 'yata ta manta kuma sai ta duba waya. Yawancin abin da ya rubuta na riga na ji shi a bakin yarinya 'yar shekara goma, tana tsugune gaban bokiti tana buɗe bakin kifi da farce. Ruwan namu garau yake, ana ganin ƙasansa daga kowane gefe, ba abin da ke ɓacewa. Wani lokaci in na zauna ina kallonsa sai in ji ina kewar ajin nan mai zafi da ƙanshin hayaƙin banda a kusa da kafaɗata, kafin in ɗauki fartanya. Na faɗi gaskiyar a ƙarshe, amma a lokacin ba ta da sauran amfani ga wadda ta jira ta.